Waiwaye: yadda gwamnatoci suka sa VPN a gaba, da abin da muka gani a Gusau

Kafin watan Yunin 2021 wallahi da yawanmu a Gusau ba mu san wani abu wai shi VPN ba, wato manhajar da ake zagayawa da ita a shiga shafukan da aka toshe, sai ƴan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Chana, su dole ce ta koya musu, don a Dubai kiran WhatsApp ba ya shiga, a Chana kuwa Facebook da Google da WhatsApp duk a toshe suke. Asalinsa ma ba don satar hanya aka yi shi ba, kamfanoni da bankuna ke amfani da shi tun shekarun 1990 don ma'aikaci ya shiga kwamfutar ofis daga nesa ba tare da wani ya leƙa ba. Yana lulluɓe abin da kake aikawa ne ya bi da shi ta wata saba, wato babbar kwamfuta, a wata ƙasa, sai kamfanin layinka ya ga kana cin data amma bai san ina ka nufa ba.

Abin da gwamnatoci ba sa so kenan. A 2017 Chana ta ce sai mai lasisi zai yi wannan harka, har Apple ya kwashe manhajojin VPN daga shagonsa na can. Shekarar dai Putin ya sa hannu kan dokar da ta tilasta wa masu VPN su ma su toshe shafukan da Rasha ta haramta. Indiya a 2022 ta ce su ajiye bayanan kwastomominsu na shekara 5, su ExpressVPN da NordVPN suka gwammace su ɗauke sabobinsu daga ƙasar. Tanzaniya ma a 2023 ta ce kowa ya yi rajista kafin ya yi amfani da shi.

Mu tamu ta zo ne ranar 4 ga Yunin 2021, da ministan yaɗa labarai na lokacin Lai Mohammed ya sanar an dakatar da Twitter bayan sun goge wani rubutu na Shugaba Buhari. Washegari aka toshe. Kafin magariba yaron da ke tura mana fina-finai a waya kusa da shagonmu ya samu sabuwar sana'a, ka ba shi naira ɗari ya tura maka VPN ta Xender ya kunna maka, ka ga wani ɗan makulli ya fito a saman waya shi kenan ka koma Holan ko Amurka kana zaune a Tudun Wada. Batir na zuba kamar ruwa, data na ƙarewa, kuma ba wanda ya tsaya tambayar waye mai wannan manhaja ta kyauta, ina yake kai bayananmu, alhali da wayar nan muke shiga banki. Wannan har yau yana damuna.

Ministan shari'a na lokacin Abubakar Malami, ɗan Birnin Kebbi maƙwabcinmu, ya ba da umarni a gurfanar da masu ci gaba da shiga Twitter duk da haramcin, lauyoyi suka ce wace doka? don majalisa ba ta taɓa yin dokar da ta haramta VPN ba. Sai 13 ga Janairun 2022 aka buɗe, bayan kwana 222, a watan Yulin shekarar kuma kotun ECOWAS ta ce toshewar ta saɓa doka.

To amma mu a Zamfara ana tsakiyar wannan ne muka ga wanda ya fi shi. Farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta sa aka kashe sabis gaba ɗaya a jihar bisa roƙon Gwamna Matawalle, domin sojoji su samu damar yaƙar ƴan bindiga, aka ce sati biyu ne da farko. Nan muka gane VPN ɗin da muke taƙama da shi sai da sabis yake aiki, makullin na nan cikin waya amma ƙofar ma babu. POS ya tsaya, tiransifa ta tsaya, ga kasuwannin mako a rufe. Na rubuta wasiƙa da biro na kai tasha na ba direba ya miƙa wa yayata a Kaduna don ta san muna lafiya, rabona da wasiƙa tun ina makaranta. Wata maƙwabciyarmu naƙuda ta kama ta da dare, da ƙafa mijin ya fita neman mai mota don ba halin kira. Mutane su hau mota su bar jiha kawai don su duba saƙo su dawo.

Ba na cewa ba a da hujja, mu da ake sace mana ƴan uwa mun fi kowa son a katse wa masu ba ɓarayi bayanai hanya, da yawanmu ma mun yi na'am da matakin da farko. Amma Gusau sai 1 ga Oktoba aka dawo mana da sabis, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da zama shiru har wajen ƙarshen Nuwamba, kuma da aka buɗe garkuwa da mutane ba ta ƙare ba. Shi ya sa duk ranar da na ji wata ƙasa ta hana VPN wasu na cewa mu ma a yi, tambayata ɗaya ce, wace doka za a dogara da ita, har yaushe, kuma wa zai biya mai POS ɗin da ya yi wata guda bai shigar da ko sisi ba.