Karatun ƙetare na ɗaliban jami'a baƙar fata 'yan Amurka

Karatun ƙetare a tsarin jami'o'in Amurka shi ne ɗalibi yana tsaka da digirinsa a gida sai ya tattara ya tafi wata ƙasa ya yi zangon karatu ɗaya, ko shekara guda, ko ma sati uku huɗu kacal a lokacin dogon hutu, ya dawo jami'arsa ta lissafa masa makin kwasa-kwasan da ya yi a can kamar a ajinta ya yi su. Ya sha bamban da abin da muka saba gani a wajenmu inda yaro zai tafi Sudan ko Masar ko Indiya ko Malesiya ya share shekara huɗu zuwa shida ya dawo da digiri sukutum. Jami'ar Delaware ake ba tarihin fara wannan tsari, a 1923, lokacin da ta tura ɗalibai takwas Faransa. Daga nan abu ya yi ta bunƙasa har ya kai a zangon 2018/2019 ɗalibai 347,099 suka fita, kamar yadda rahoton shekara-shekara na IIE, cibiyar Amurka mai kula da musayar ɗalibai tsakanin ƙasashe, ya nuna, kafin korona ta zo ta rushe lissafin gaba ɗaya.

To amma a cikin wannan taro baƙar fata kashi 6 da ɗan abu ne kacal cikin 100, alhali su ne kusan kashi 13 na ɗaliban manyan makarantun ƙasar. Fararen fata kuwa sun kai kashi biyu bisa uku na masu tafiyar. Wannan giɓi shi ne ainihin maganar, kuma gaskiya abin yana taɓa zuciya in mutum ya san tarihin mutanen nan da neman ilimi a ƙasashen waje, don kakanninsu sun daɗe suna ƙetare teku da littafi a hannu tun lokacin da ake sayar da 'yan uwansu a kasuwa.

Waɗanda suka share hanya

James McCune Smith ɗan birnin New York ne, yaro mai ƙwaƙwalwa, ya nemi gurbin karatun likita a ƙasarsu aka hana shi saboda launin fatarsa, sai masu yaƙi da bauta suka haɗa masa kuɗi ya hau jirgin ruwa zuwa Jami'ar Glasgow da ke Sikotilan, a can ya yi digirin farko a 1835, na biyu a 1836, na likita a 1837. Shi ne baƙar fata ɗan Amurka na farko da ya riƙe digirin likita. Yau akwai katafaren ginin karatu a jami'ar mai ɗauke da sunansa. Alexander Crummell ya gama a Cambridge a 1853 ya wuce Laberiya ya yi kusan shekara 20 yana koyarwa da wa'azi. W.E.B. Du Bois ya yi karatu a Berlin daga 1892 zuwa 1894 da tallafin wani asusu mai suna Slater, kuɗin ya tsaya bai samu ya kammala digirin dakta a can ba sai da ya koma Harvard ya ƙarasa a 1895, amma shi da kansa ya sha faɗin cewa zaman Jamus ɗin ya buɗe masa ido, ya zauna da Turawa a teburi ɗaya ba wanda ya nuna masa ƙofar baya. Ƙarshen rayuwarsa a Accra ya yi, can ya rasu a 1963.

Labarin Alain Locke kam sai a hankali. A 1907 ya zama baƙar fata ɗan Amurka na farko da ya ci sikolashif ɗin Rhodes na zuwa Oxford, amma da ya isa kwaleji bayan kwaleji suka ƙi karɓarsa kafin Hertford ta ba shi wuri, 'yan ƙasarsu fararen fata daga jihohin kudu kuma suka ƙaurace masa. Ba a sake ba wani baƙin Ba'amurke wannan tallafi ba sai 1963, wato shekara 56 a tsakani, ka ji fa. Mata ma ba a bar su a baya ba, Anna Julia Cooper da aka haifa cikin bauta ta karɓi digirin dakta a Sorbonne ta Paris a 1925 tana da shekara sittin da wani abu, Merze Tate ta shiga Oxford a 1932, sannan Percy Julian masanin haɗa magunguna ya yi nasa daktan a Vienna a 1931.

Daga shekarun 1950 ne abin ya fara kama da yadda yake yanzu. Wani attajiri Charles Merrill ya riƙa ɗaukar nauyin ɗaliban Morehouse da Spelman, kwalejojin baƙar fata biyu da ke Atlanta, su yi shekara a Turai, cikin waɗanda suka ci moriya har da Marian Wright Edelman wadda ta zama shahararriyar lauya mai kare haƙƙin yara. A 1958 wani limamin coci a unguwar Harlem ta New York, James H. Robinson, ya kafa Operation Crossroads Africa da ke kai matasa aikin sa-kai ƙauyukan Afirka lokacin hutu. Angela Davis kuma tana shekararta ta karatu a Faransa ne, a garin Biarritz, a watan Satumba na 1963, ta ɗauki jarida ta ga an tayar da bam a coci a garinsu Birmingham na jihar Alabama a Amurka an kashe 'yan mata huɗu, wasunsu ta san su ta san gidajensu.

Me ke hana tafiya

A wani taro na ƙungiyar CIEE mai shirya wa ɗalibai karatun ƙetare a 1990, Johnnetta Cole, mace baƙar fata ta farko da ta shugabanci kwalejin Spelman, ta lissafa abubuwa huɗu da ke tare wa ɗalibai hanya: malamai da ma'aikatan makaranta, kuɗi, dangi, da tsoro. Har yau masu wannan harka suna maimaita lissafin nata don bai tsufa ba.

Kuɗi shi ne babba. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna matsakaicin gidan fararen fata yana da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙar fata kuma kusan dala 44,900. Yaron da ya fito daga irin wannan gida galibi da bashi yake karatu, yana aiki a shago ko gidan abinci bayan lacca, wani ma shi ke taimaka wa mahaifiyarsa da kuɗin haya, to in ka ce masa ya tafi Madrid wata huɗu ba kuɗin jirgi da masauki kaɗai yake lissafawa ba, yana lissafa albashin wata huɗu da zai rasa, da aikin da ƙila in ya dawo ya tarar an ba wani. Fasfo kansa na farko dala 165 ne, kuma akwai gidaje da yawa da ba wanda ya taɓa riƙe fasfo a cikinsu tun daga kaka har jika. Mutum zai ga kamar ƙaramin abu ne, amma a nan tafiyar mutane da yawa take mutuwa tun ba a fara ba, shi ya sa CIEE ta riƙa zagaya makarantu tana yi wa ɗalibai fasfo kyauta, IIE ma ta ƙaddamar da irin wannan shiri a 2021 da niyyar kaiwa ga ɗalibai 10,000.

Sai maganar dangi da tsoro, waɗanda a haɗe suke. Uwar da ta san abin da ɗanta ke fuskanta a titin garinsu, in aka ce zai je ƙasar da ba ta san kowa ba, tambayarta ta farko ita ce yaya suke yi wa baƙar fata a can, kuma tambaya ce mai hujja, don ɗalibai da suka je wasu sassan Turai da Asiya sun sha kawo labarin kallo a titi, taɓa gashi ba izini, ɗaukar hoto, ko ɗan sanda ya tsayar da mutum yana zaton baƙon haure ne sai ya ga fasfon Amurka ya canza fuska. Akwai ƙananan abubuwa da ofisoshin tura ɗalibai suka daɗe ba sa tunawa da su, kamar ina yarinya za ta sami mai kitso ko man gashinta a ƙauyen Italiya. Ɓangaren malamai kuwa shi ne in ba wanda ya taɓa kiranka ofis ya ce kai ma za ka iya, kuma duk hotunan da ke jikin allon talla ba mai kama da kai, sai ka ɗauka abin na 'ya'yan masu hali ne.

Hanyoyin tallafi

Wanda ya fi taɓa talaka shi ne sikolashif ɗin Gilman, mai sunan Benjamin Gilman ɗan majalisar wakilai daga New York. Dokar 2000 ce ta kafa shi ya fara aiki a 2001 a ƙarƙashin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, yana ba da har dala 5,000, da ƙarin har 3,000 ga mai koyon harshen da gwamnati ke ganin tana buƙata. Sharaɗinsa ba launin fata ba ne, sharaɗin shi ne ɗalibi ya kasance yana karɓar tallafin Pell na marasa ƙarfi, sai dai tunda fiye da rabin ɗaliban digirin farko baƙar fata suna kan Pell, kasonsu a Gilman ya fi kasonsu a sauran masu tafiya nesa ba kusa ba. A ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sha'awar tana nan, aljihu ne ke hanawa.

Akwai Fulbright da aka kafa a 1946, wanda galibi bayan kammala digiri ake nema. Akwai Boren na masu koyon harsuna da sharaɗin su yi wa gwamnati aiki daga baya. Akwai shirin Rangel da Jami'ar Howard ke gudanarwa da kuma Pickering, waɗanda ke shirya matasa shiga aikin jakadanci. CIEE ta kafa wani shiri da ta sa wa sunan Frederick Douglass, tsohon bawan da ya tsere ya tafi Ailan da Ingila a 1845 yana lacca a kan bauta har abokansa na can suka tara kuɗi suka fanshe shi, shirin ya kai ɗalibai Landan da Cape Town da Ailan. Wata hanya ta daban ita ce Kyuba, bayan ganawar Fidel Castro da 'yan majalisar Amurka baƙar fata a 2000, makarantar likitanci ta ELAM da ke Havana ta fara karɓar 'yan Amurka marasa ƙarfi kyauta daga 2001, da fatan su koma su yi aiki a unguwannin da ba likitoci.

Jami'o'in baƙar fata na tarihi, wato HBCU, wajen guda 100 ne, waɗanda aka kafa kafin 1964. Yawancinsu ba su da kuɗin manyan jami'o'i, ofishin harkar ƙetare wani lokaci mutum ɗaya ne ke riƙe da shi. Spelman da ke Atlanta ce ta yi fice, ta mayar da tafiya waje wani ɓangare na karatun yawancin ɗalibanta, musamman ta gajerun tafiye-tafiye da malama ke jagoranta da ajinta, abin da ke kwantar wa iyaye hankali kuma ya fi araha. Su waɗannan makarantu dama sun saba da duniya ta ɗaya ɓangaren, wato karɓar ɗalibai daga waje, ai a Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania Nnamdi Azikiwe ya gama a 1930, Kwame Nkrumah a 1939.

Ina suke zuwa

Fiye da rabin ɗaliban Amurka Turai suke nufa, Italiya, Ingila, Sifen, Faransa. Afirka kudu da Sahara 'yar kaɗan take samu, kuma Afirka ta Kudu da Ghana ne kan gaba. Ga baƙar fata tafiyar Ghana tana da wani nauyi na daban, ana zama a Jami'ar Ghana da ke Legon, a je gidajen bayi na Cape Coast da Elmina a shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu duhu a tsaya a bakin ƙofar nan da ake kira ƙofar da ba a dawowa, wasu har su hau arewa su ga kasuwar Salaga wadda fataken Hausawa suka sani tun zamanin cinikin goro. Ghana ta ƙara jawo su da shekarar komawa gida da ta ayyana a 2019, cikar shekara 400 da saukar bayin Afirka a Virginia a 1619. Amma ba kullum ake samun abin da aka zo nema ba, mutum ya taso da zumuɗin ya dawo gida wurin dangi, sai yaro a titi ya kira shi obroni, wato bature, saboda lafazinsa da takalminsa da dalar da ke aljihunsa. Wannan yana yi wa wasu ciwo ƙwarai, kuma da yawa a nan suke fara gane cewa su 'yan Afirka ne ta jini amma Amurkawa ne ta tarbiyya. Senegal da tsibirin Goree ma ana zuwa, haka birnin Salvador na jihar Bahia a Brazil inda bayi Hausawa suka shirya tawaye a 1807, sannan Musulmi bayi, Yarabawa da Hausawa, suka yi babban boren 1835.

Ƙasar Hausa kanta ba ta cika ganinsu ba, saboda jami'o'in Amurka suna bin gargaɗin tafiye-tafiye na gwamnatinsu ne, kuma Najeriya da Nijar sun daɗe a jerin ƙasashen da ake cewa a yi tunani kafin a je. Jami'ar Boston ta taɓa samun shiri mai kyau a Yamai inda ɗalibai ke koyon Hausa da Zabarmanci suna zama da jama'a, aka dakatar da shi a Janairun 2011 bayan sace wasu Faransawa biyu a cikin birnin.

A 'yan shekarun nan iska ta juya a Amurkar kanta. Hukuncin kotun ƙoli na Yunin 2023 ya haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, daga nan makarantu da ƙungiyoyi da dama suka cire maganar launi daga sharuɗɗan tallafinsu suka koma kan ƙarfin aljihun iyaye ko kasancewar ɗalibi na farko a gidansu da ya shiga jami'a. A Fabrairun 2025 kuma gwamnatin Trump ta tsayar da kuɗin shirye-shiryen musayar ɗalibai na ɗan lokaci, abin da ya shafi Gilman da Fulbright har wasu ɗalibai da suka riga suka isa ƙasashen waje suka zauna jiran kuɗin haya da na abinci.