Sai mai mota ne ke fitar da hayakin kabon?

An dade ana cewa wai in ba ka da mota ba ruwanka da hayakin da ke dumama duniya. Ba haka abin yake ba jama'a. Lita 1 ta fetur tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ko a janareton shagonka na kasuwar Wunti a Bauchi ta kone ko a acaba, gawayi da gas din girki su ma suna fitar da nasu hayakin kabon.

Akwai kalkuleta kyauta a intanet na lissafa hayakin kabon da mutum ke fitarwa, sai dai yawanci don Turai da Amurka aka yi su, ba sa ma tambayar janareto, don haka kiyasi ne kawai. Gara ka lissafa litar fetur da kake kona a wata ka ninka da 2.3. Don Allah a tura wa 'yan uwa.