Masu jifa da sauri na kurket a Indiya: daga Nissar zuwa Bumrah

A wasan kurket, mai jifa da sauri shi ne wanda ke taho da gudu ya wurga ƙwallo da ƙarfi, galibi a gudun kilomita 130 zuwa 150 a awa, don ya fitar da mai dukan ƙwallo. Kishiyarsa shi ne mai murza ƙwallo, wanda ke jifa a hankali yana juya ta da yatsu ko da wuyan hannu. Shekaru da dama an fi sanin Indiya da masu murza, domin filayenta busassu ne, ba ciyawa, ƙwallo ba ta tashi sama. Duk da haka ƙasar ta fitar da masu sauri a kowane zamani, kuma masoya wasan ba su daina gardama kan wanda ya fi ba.

Farkon tafiya

Indiya ta buga wasan Tes na farko, wato wasan da ake kwanaki ana yi, a filin Lord's na Landan a watan Yunin 1932. Abin da mutane ke mantawa shi ne da masu sauri ta soma. Mohammad Nissar ya fitar da 'yan Ingila biyar a zagayensu na farko na duka, Amar Singh kuma yana jifa daga ɗaya gefen. Ba su daɗe ba. Nissar wasa shida ya buga, ya fitar da mutum 25. Amar Singh ya buga bakwai, ya fitar da 28, ya rasu a 1940 yana da shekara 29.

Bayansu sai abin ya ja baya. Ramakant Desai, ɗan ƙaramin jiki mai zafin jifa, ya fitar da mutum 74 a wasanni 28, amma a shekarun 1960 da 1970 ragamar tana hannun masu murza huɗu: Bedi, Prasanna, Chandrasekhar da Venkataraghavan. A lokacin aikin mai buɗe jifa bai wuce ya goge ƙyallin sabuwar ƙwallo ya miƙa musu ba. Har Sunil Gavaskar, wanda duka ce sana'arsa, an taɓa ba shi sabuwar ƙwallo.

Kapil Dev

Kapil Dev ya fara wasan Tes a Faisalabad da ke Pakistan a 1978. Kafin ya yi ritaya a 1994 ya buga 131, ya fitar da mutum 434, ya zarce 431 na Richard Hadlee ɗan New Zealand, wanda shi ne mafi yawa a duniya a lokacin. Makaminsa ƙwallon da ke karkata a iska tana nisantar mai duka, har ya kai mata sanda ta goge gefe a cafke ta. A 1983, shekarar da ya jagoranci Indiya ta ci kofin duniya, ya fitar da tara daga cikin masu duka goma na West Indies, tawagar ƙasashen Caribbean, a zagaye guda a Ahmedabad.

Masu raina shi kan kawo matsakaicinsa, kusan maki 30 kan kowane mutum da ya fitar. Wannan hujja ba ta yi masa adalci ba. Kusan rabin waɗanda ya fitar a filayen Indiya ne, inda ƙasa ba ta taimakon mai sauri ko kaɗan. Ya jefa ƙwallo sama da 27,000, ya kuma tara maki 5,248 da sanda, kuma a mafi yawan shekarun nan babu wani takwaransa da ke matsa wa abokan hamayya daga ɗaya gefen. Mai duka ya san in ya jure wa Kapil, sauƙi na tafe.

Srinath da Zaheer

A 1987 kamfanin taya na MRF ya buɗe makarantar horar da masu sauri a Madras, wato Chennai ta yau, ƙarƙashin Dennis Lillee ɗan Ostireliya. Javagal Srinath na cikin waɗanda suka amfana. Dogo ne, ya fi Kapil gudun ƙwallo, yana shigo da ita cikin jikin mai duka. Ya fitar da 236 a wasan Tes 67, da 315 a wasannin yini ɗaya. Shi ma kayan sun yi masa yawa har kafaɗarsa ta samu rauni a 1997.

Zaheer Khan bahago ne, kuma dabara ta fi ƙarfi yawa a jifarsa, musamman bayan kakar da ya yi a ƙungiyar Worcestershire ta Ingila a 2006. Ya ƙware wajen karkatar da tsohuwar ƙwallo: a riƙa goge gefe ɗaya yana sheƙi, a bar ɗayan ya yi kaushi, sai ta karkata ta inda mai duka bai zata ba. Ya fitar da 311 a wasa 92, da 21 a kofin duniya na 2011 da Indiya ta ɗauka. Ishant Sharma shi ma 311 ya samu, amma a wasa 105, kuma sai a ƙarshen zamaninsa ya fi kyau, lokacin da ya samu abokan aiki.

Zamanin taron dangi

Babban sauyi ya zo ne a ƙarƙashin kyaftin Virat Kohli da mai horar da masu jifa Bharat Arun, inda aka ba lafiyar jiki muhimmanci, kuɗin IPL, gasar ƙungiyoyin biranen Indiya da aka fara a 2008, kuma suka sa ana tono matasa daga ƙananan garuruwa. Indiya ta samu Ishant, Mohammed Shami, Umesh Yadav, Bhuvneshwar Kumar da Jasprit Bumrah lokaci guda, daga baya Mohammed Siraj ya biyo. Da Ishant, Shami da Bumrah a kan gaba ta ci jerin wasannin Tes a Ostireliya karon farko a 2018 zuwa 2019.

Bumrah ya fita daban. Yana tahowa kamar mai tafiya, sai taku kaɗan na ƙarshe ya ɗan ruga, hannunsa a miƙe sanƙarau, ya saki ƙwallo a gaba da inda sauran ke sakinta, don haka takan iso kafin mai duka ya shirya. Ya kuma iya jefa ta daidai gindin ƙafa. A Disambar 2024 a Melbourne ya zama na farko a tarihi da ya kai mutum 200 da matsakaicin da bai kai 20 ba, kuma ya gama wannan jerin wasanni da Ostireliya da mutum 32.

Wahalar kwatantawa

Babu na'urar auna gudu a zamanin Nissar, saboda haka shaidar waɗanda suka fuskance shi kawai ake da ita. Tsarin sake duba hukuncin alƙali ta bidiyo bai kasance a zamanin Kapil da Srinath ba. Filayen Tes na shekarun baya-bayan nan kuma sun fi taimakon masu jifa fiye da na shekarun 2000 da Zaheer ya yi fama da su.

Idan ƙwarewa tsantsa ake magana, da wuya a sa wani gaba da Bumrah, domin ya yi nasara a kowace nahiya da kowane nau'in wasa, har da kofin duniya na T20, gajeren wasan 'yan sa'o'i, na 2024 da aka zaɓe shi gwarzon gasa. Idan juriya ce da nauyin da mutum ya ɗauka, Kapil ne. Ciwon baya ya zaunar da Bumrah kusan shekara guda daga 2022, kuma a 2025 an hutar da shi a wasu wasannin don a adana jikinsa. Kapil kuwa cikin shekara 16 wasan Tes ɗaya tak ya rasa, shi ma ajiye shi aka yi, ba rauni ba.