Jemage ba tsuntsu ba ne, kuma ba ta baki yake kashi ba

Tun muna yara a Argungu ake ce mana jemage tsuntsu ne marar dubura, wai ta baki yake kashi. Ba laifin masu faɗa ba ne, abin da ido ya gani ne ya ruɗe su.

Jemagen da ke shan mangwaro yakan tauna, ya haɗiye ruwan, ya tofar da tuƙar. Tuƙar nan da ake gani ƙarƙashin bishiya ita ake ɗauka kashi. Dubura kam yana da ita, har yakan juyo da kansa sama idan zai yi.

Batun tsuntsu kuwa, a gwada shi da kanari, mai ƙwai da baki marar haƙori. Jemage haihuwa yake yi, yana shayarwa, yana da haƙora, fiffikensa fata ce. Cikin nau'o'insa fiye da 1,400, galibi ɗa guda mace ke haifa a shekara, shi ya sa wanda ya yi ƙaranci ke wuyar farfaɗowa.

Ku duba su da rana inda suke rataye, wani lokaci za ku hango jariri manne da ƙirjin uwa. Kada dai ku taɓa, ana iya ɗaukar cuta daga jemage. Don Allah ku tura wa 'yan uwa wannan bayani.