Wai "ofin sos" kyauta ake nufi? Ku zo mu duba direban Wi-Fi

Tunda DeepSeek ɗin nan na China, manhajar AI mai amsa tambayoyi, ya fito a farkon 2025 kalmar "ofin sos" ta shiga bakin kowa, a rediyo, a Facebook, har manyan da ake gayyata taron fasaha, kuma kusan duk wanda na ji zai fassara ta sai ya ce wai "manhajar kyauta". Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi. WhatsApp ma ai ko sisi ba ka biya ka sauke shi, amma je ka ce a nuna maka yadda aka rubuta shi ka ga ko za a kula ka. Ofin sos yana nufin asalin rubutun manhajar a buɗe yake, kowa na da izinin ya karanta, ya gyara, ya raba wa jama'a gyaran da ya yi. Maganar izini ce, ba ta kuɗi ba, shi ya sa ni na fi son a ce buɗaɗɗiyar manhaja.

Amma wanda ya fi damuna shi ne waɗanda suka wuce wannan matakin, su kuma sun rabu gida biyu, wasu su ce tunda 'yan sa-kai ne ke rubutawa ai ba abin dogaro ba ne, wasu su ce tunda a buɗe take dole ta fi kowacce inganci. Duk wanda ya taɓa fama da direban Wi-Fi a Linux, wato buɗaɗɗiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, ya san duka biyun ba haka ba ne.

Direba a nan shi ne tafintan da ke tsakanin kwamfuta da ƙwayar Wi-Fi ɗin da ke cikinta, in babu shi ƙwayar tana nan lafiya lau amma ba za ka ga netwok ko ɗaya ba. Wajejen 2003 zuwa 2005 yawancin kamfanoni Windows kawai suke rubuta wa direba, to sai 'yan Linux suka koma aron na Windows ɗin ta wata dabara mai suna ndiswrapper, kayan aro kuwa an san ba ya rufe katara, yau ya yi aiki gobe ya daskarar da kwamfutar gaba ɗaya. Labarin Broadcom, wani kamfani mai ƙera ƙwayoyin Wi-Fi, shi ne ya fi burge ni. Kamfanin bai fitar da bayanin ƙwayoyinsa ba, sai mutane suka kasa kansu rukuni biyu, na farko ya zauna yana bin diddigin rufaffen direban kamfanin yana rubuta bayanin yadda ƙwayar ke aiki, na biyu kuma da gangan bai taɓa leƙa rufaffen ba, bayanin nan kaɗai ya riƙe ya rubuta sabon direba daga tushe, don kar gobe a ce sun saci rubutun wani. Direban ya shiga Linux a 2006, daga baya aka maye gurbinsa da wani mai suna b43. Ka yi tunanin haƙurin da wannan aiki ke buƙata! Kuma duk da haka a farkonsa yana yankewa, gudunsa bai kai na Windows ba, don a buɗe yake amma bai nuna ba tukuna. Sai a 2010 Broadcom ɗin da kansa ya saki buɗaɗɗen direba.

To me ke sa ya nuna? Ni a ganina shekaru ne da yawan hannu. A 2007 Linux ya samu mac80211, wato harsashi ɗaya da direbobi da yawa ke hawa kai, ba sai kowa ya sake ginin komai daga farko ba, in aka toshe ɓaraka a nan kowa ya amfana. A 2008 kamfanin Atheros, shi ma mai ƙera ƙwayoyin Wi-Fi, ya saki buɗaɗɗen direbansa ath9k, aka shigar da shi cikin Linux ɗin kansa, 'yan OpenWrt masu manhajar na'urar rarraba intanet suka yi ta gwada shi suna gyarawa shekara da shekaru, har ya zama irin direban da kake mantawa ma yana nan.

Ni kuma na taɓa sayen ɗan Wi-Fi na USB, a jikin kwalin an rubuta yana aiki da Linux, kuma gaskiya ne kamfanin ya saki rubutun direban, amma ya ajiye shi ne ya tafi abinsa, ba a shigar da shi cikin Linux ba, babu mai kula. Ina sabunta kwamfutar ya mutu, na kwana biyu ina nema kafin na samu gyaran da wani bawan Allah ya yi. Shi ma sunansa ofin sos, ath9k ma sunansa ofin sos, amma ɗaya maraya ne ɗaya yana da dangi.

Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba. Yawancin ƙwayoyin yanzu, na Intel da sababbin na Qualcomm da ya sayi Atheros a 2011, direban a buɗe yake amma sai an ɗura wa ƙwayar wata ƙaramar manhaja rufaffiya, famwaya, kafin ta motsa, kuma in matsalar a cikinta take babu mai iya taɓawa sai kamfanin. Katin ath9k na cikin laftof ba ya buƙatar wannan, shi ya sa har yau nake ganin girmansa duk da ya tsufa kuma ba shi da gudun na zamani. 'Yan Debian, masu haɗa wani nau'in Linux, da suka daɗe suna ƙin sa rufaffiyar famwaya a faifansu na hukuma, sai da suka kaɗa ƙuri'a a 2022 suka amince, daga Debian 12 na 2023 tana ciki, saboda mutane sun gaji da ɗora Linux su tarar babu Wi-Fi ɗin da za su sauke abin da zai tayar da Wi-Fi ɗin.