Haɗin gwiwar al'umma wajen rage giɓin kiwon lafiya a Jihar Sakkwato

Giɓin kiwon lafiya shine bambancin da ake samu tsakanin mutane wajen kamuwa da cuta, samun magani da tsawon rai, wanda talauci, nisan gari, rashin ilimi da rashin hanya ke jawowa, kuma abu ne da za a iya gyarawa. Haɗin gwiwar al'umma kuwa tsari ne da ake haɗa ma'aikatan lafiya da sarakuna, malamai, ungozomomi, direbobi, matan unguwa da ƙungiyoyin agaji dan a kai kulawa har ƙofar gidan wanda asibiti yayi ma nisa. Jihar Sakkwato nada ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, kuma tana cikin wuraren da aka gwada wanga tsari a Najeriya saboda girman buƙata.

Girman giɓin

A rahoton da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 kan talauci mai fuskoki dayawa, Sakkwato ce ta farko da kusan kashi 91 cikin 100, jihar Ondo kuma tana ƙasa da kashi 27. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara kashi 5 kacal cikin 100 suka kammala rigakafin yau da kullum a jihar, alhali a Anambra kashi 76 ne. Amma ko a cikin jihar ma ba ɗaya ake ba, wanda ke zaune cikin birni yanada asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga asibitin ƙwararru, ga asibitin mata da yara na Maryam Abacha inda ake aikin yoyon fitsari, shi kuwa mutumin ƙauyukan Gudu ko Tangaza ko Kebbe sai ya nemi kuɗin mashin tukunna, idan damina ce hanya ta yanke, in ma ya isa ƙaramin asibitin wataƙila ma'aikaci ɗaya ne kuma ya tashi tun azahar. Mafi yawan matan karkara a gida suke haihuwa, kuma sau dayawa mace bata fita zuwa asibiti sai maigida ya bada izini, idan ya tafi cin rani to sai dai a jira ko a nemi yayansa.

Asalin tsarin

Tunanin ya samu gindin zama ne a taron Alma-Ata na 1978 wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka shirya, inda aka amince cewa lafiya a matakin farko bazata yiwu ba sai da hannun mutanen da akeyi dominsu. A Najeriya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shine ya dage akai, sannan aka kafa hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa a 1992. Daga baya aka maida mazaɓa tushen aikin, kowace mazaɓa ya zama tanada kwamitin ci gaba mai sa ido kan asibitinta, da tattara ƙorafin jama'a, da kiran gayya idan rufi ya yoye ko rijiya ta lalace. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya dan asusun kula da lafiya na matakin farko, wanda wani ɓangarensa ke shiga asusun ƙananan asibitoci kai tsaye.

Sarakuna da shan inna

Babban misalin da kowa ke kawowa shine yaƙi da shan inna. A 2003 wasu jihohin arewa sun dakatar da rigakafin saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka ƙasashen waje. Abinda ya juya lamarin shine shigowar sarakuna, a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan arewa kan lafiya matakin farko ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar III, umarni ya riƙa sauka daga fada zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, kuma mai unguwa ya san kowane gida, ya san wanda ya ɓoye ƴaƴansa, ya san gidan da akayi suna satin da ya wuce. Limamai sukayi bayani a huɗuba, aka ɗauki mata ƴan sa-kai daga cikin unguwannin su shiga gidajen kulle inda namiji bazai shiga ba. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji, duk da har yanzu ana samun wani nau'i da ke ɓulla inda rigakafi yayi rauni, shiyasa ba a daina zagayen ba. Gidauniyar Gates da ta Ɗangote suma sun ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar kan rigakafin yau da kullum, suka riƙa zuba kuɗi a asusu ɗaya, kason jiha na ƙaruwa nasu na raguwa.

Haihuwa a gida

Wanga ɓangare ya kamata a tsaya akansa sosai, dan anan ne aka nuna hikima. Tunda an san mata bazasu koma haihuwa a asibiti dare ɗaya ba, sai aka yanke shawarar kai maganin inda haihuwar take. A 2013 gwamnatin jihar tare da wani shiri mai suna TSHIP da Amurka ta ɗauki nauyi suka fara rabon magunguna biyu ta hannun ƴan sa-kai na mazaɓu. Na farko misoprostol, ƙwaya uku da mace zata sha da zarar jariri ya fito dan mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, kasancewar zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata. Na biyu chlorhexidine, man da ake shafawa a cibiya a maimakon toka ko man goge baki ko gashi da tsumma, waɗanda ke buɗe ma ƙwayoyin cuta hanya. A lokacin shirin, maganin na ajiye a hannun amintaccen mutum cikin gari, ko cikin dare naƙuda ta tashi za a aika yaro ya karɓo. Ungozoma ba a kore ta ba, an koya mata alamomin haɗari, jijjiga, kumburin fuska, doguwar naƙuda, jini, dan ta san lokacin da zata ce a tashi a nemi mota. A jihohin arewa da dama ƙungiyar direbobi ta NURTW ta shiga, direbobi na ɗaukar mai naƙuda akan kuɗin mai kawai, a tasha kuma a basu lodi ba layi a matsayin tukwici. Gaskiya wanga aiki ya cancanci yabo, domin ya mutunta yadda mutane suke rayuwa.

Zazzaɓi, tamowa da cutar noma

Duk damina, yawanci daga Yuli zuwa Oktoba, masu rabo na bi gida-gida suna ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya a wata, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince dashi a 2012 dan yankin Sahel. Na ranar farko a gaban mai rabo ake sha, na kwana biyu da suka rage uwa ce ke bayarwa. Ga tamowa kuma ana koya ma uwaye awon damtsen yaro da igiya mai launi, in ta nuna ja a garzaya cibiyar da ake bada abincin gyaɗa na leda.

Sakkwato nada asibitin yara na cutar noma da aka buɗe a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa mashi tun 2014. Cutar na farawa ne da ciwon dasashi ga yaro mai yunwa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, cikin kwanaki ta cinye kunci da leɓe, kuma mutane dayawa na ɗauka iska ce sai a fara zuwa wurin mai maganin gargajiya, dan haka ma'aikatan asibitin ke fita ƙauyuka suna koya ma masu maganin yadda zasu gane ta da wuri su turo. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar noma cikin jerin cututtukan da akayi sakaci dasu, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan.

Kuɗi da ƙalubale

Jihar nada hukumar taimakekeniyar lafiya wato SOCHEMA, sannan hukumar zakka da waƙafi na biya ma wasu marasa ƙarfi kuɗin magani, amma mai noma da mai kiwo da basu da albashi sune mafi wuyar shigarwa cikin inshora, kuma sune sukafi buƙata. Babban rauni shine yawancin ayyukan da aka ambata da kuɗin waje suka tashi, shiri na ƙarewa alawus ɗin ƴan sa-kai ya tsaya, magani ya yanke, kwamitin mazaɓa ya daina zama, kuma yanke tallafin da Amurka tayi a 2025 ya ƙara fito da wanga rauni fili. A ganina bai dace a riƙa dogaro da matar da ke yawo cikin rana kyauta ba alhali babu layinta a kasafin kuɗi. Ga kuma matsalar tsaro a gabashin jihar, Sabon Birni, Isa, Rabah da Goronyo, inda ƴan bindiga suka tada ƙauyuka, ma'aikata suka gudu, wasu asibitoci suka rufe, mutane suka watsu cikin birni ko suka tsallaka Nijar. A garuruwan iyaka irin Illela da Gada yaro kan fara rigakafi a ƙasa ɗaya ya koma ɗayar ba kati, shiyasa ake ajiye masu ɗiga rigakafi a kasuwanni, tashoshin mota da mashigar iyaka, ana kuma bin rugagen Fulani ta hannun arɗo.