Maganin tsinka jini da sayen sa daga ƙasar waje: tambayoyi da amsoshi

*Da gaske maganin yana sa jini ya tsinke ya zama ruwa-ruwa?*

Sunan da jama'a suka ba shi ke nan, amma aikinsa shi ne rage saurin daskarewar jini. Likita kan rubuta shi ga mai gudan jini a jijiyar ƙafa ko a huhu, da mai bugun zuciya marar tsari wanda ake gudun kada gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, da wanda aka sa wa bawul ɗin ƙarfe a zuciya.

Waɗanda ake sha kashi biyu ne. Akwai tsohon, warfarin, wanda ake ba mutane tun 1954. Akwai sababbin: dabigatran da Amurka ta amince da shi a 2010, rivaroxaban a 2011, apixaban a 2012. Su ne ake sayarwa da sunayen Pradaxa, Xarelto da Eliquis, kuma tsadarsu ce ke sa mutane neman su a waje.

*To me zai hana kowa ya koma wa warfarin tunda ya fi araha?*

Ƙwayar na da araha, ɗawainiyarta ce da yawa. Dole a riƙa gwajin INR, wato gwajin jini da ke auna saurin daskarewarsa, da farko bayan 'yan kwanaki, in ya daidaita sai kusan duk wata. Yawanci ana son sakamakon ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ganye mai yawan bitamin K yana rage ƙarfinsa, magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su metronidazole da fluconazole da co-trimoxazole kuma suna ƙara shi. Ba a hana cin ganye ba, abin da ake so shi ne kada yau a ci da yawa gobe a daina.

Akwai kuma waɗanda ba su da zaɓi. Mai bawul ɗin ƙarfe da mai tsananin tsukewar bawul ɗin zuciya da ake kira mitral warfarin ne nasu, sababbin ba su dace da su ba. Mace mai ciki kuwa ana mayar da ita allurar heparin a mafi yawan lokuta, don warfarin na cutar da abin da ke ciki.

*Wanda ba na kamfanin asali ba, ƙarfinsu ɗaya?*

Idan kamfani mai rajista ne ya yi shi, kuma hukumar kula da magunguna ta tantance shi, e. Sinadarin ɗaya ne, nauyin ɗaya ne. Arahar na zuwa ne daga dokar haƙƙin mallaka: a wata ƙasa wa'adin ya ƙare, a wata da saura, shi ya sa masana'antun Indiya ke fitar da apixaban da rivaroxaban a farashi mai sauƙi. Arahar ba laifi ba ce. Inda matsalar take shi ne hanyar da ƙwayar ta bi kafin ta iso hannunka. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marar inganci. Jabun maganin ciwon kai za ka gane shi, don kan ba zai daina ciwo ba. Jabun wannan ba ya nuna kansa sai gudan jini ya riga ya yi ɓarna. Sababbin ma ba su da gwajin yau da kullum irin INR da zai tona asirin ƙwayar da ba komai a cikinta.

*Yaya zan gane mai sayarwa na gari?*

Wanda bai nemi takardar likita ba, rabu da shi nan take. Na gari yana da adireshi na zahiri, da lambar lasisi da za ka iya dubawa a wurin hukumar harhaɗa magunguna ta ƙasarsa, da mai harhaɗa magani da za ka yi magana da shi. Idan kaya sun iso, duba sunan masana'anta, lambar rukuni da ranar lalacewa, su zama iri ɗaya a kwali da jikin fakiti. Ƙwayoyin da aka zubo a leda ba suna, kada ka sha. Kai kwalin wa likitanka ko mai kantin magani ya gani kafin ka haɗiyi ta farko.

Sai doka. Kowace ƙasa da tata, kuma kwastan na iya riƙe kayan. A Amurka shigo da magani don amfanin kai haramun ne a mafi yawan lokuta, kodayake hukumar kula da magunguna ta ƙasar, FDA, kan ɗaga ƙafa a wasu yanayi in bai wuce na wata 3 ba. Tambayi hukumar ƙasarka kafin ka biya kuɗi.

*Wane kuskure ne ya fi faruwa?*

Biyu ne. Na farko ruɗewa a kan nauyin ƙwaya. Masu shan warfarin sun saba gane ta da launi, alhali launin na canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka mai ruwan hoda miligiram 1 ce, a Birtaniya mai ruwan hoda miligiram 5 ce. Fara a Birtaniya rabin miligiram ce, a Amurka 10. Wanda ya bi launi zai iya shan ninki biyar ko ma ashirin na abin da aka rubuta masa. A karanta lamba, a manta da launi. Duk sanda aka canza kamfanin warfarin, a sake INR cikin mako ɗaya ko biyu.

Na biyu yankewar magani. Ƙarfin sababbin yana gushewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka jinkirin saƙo na mako guda mako ne ba kariya. Yi oda tun kana da na aƙalla wata ɗaya a hannu. Idan ya kusa ƙarewa saƙo bai zo ba, sayi na 'yan kwanaki a kusa ko da tsada, ko ka gaya wa likita. Kada ka raba ƙwaya gida biyu ko ka riƙa tsallake rana don ta daɗe.

*Akwai ƙa'idar sha da ajiya?*

Apixaban sau biyu a rana, yawanci miligiram 5. Ana rage shi zuwa 2.5 ga mai bugun zuciya marar tsari idan ya haɗa biyu cikin uku: shekara 80 ko fiye, nauyin kilo 60 ko ƙasa, ko raunin ƙoda da gwaji ya nuna. Rivaroxaban mai miligiram 15 ko 20 sai da abinci, in ba haka ba jiki ba ya ɗaukar sa duka. Dabigatran ba ya son laima: a bar shi a kwalbarsa, kada a buɗe kafson. Wanda ya manta da sha kada ya ninka na gaba.

Guji aspirin, ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita. Paracetamol ya fi aminci. Maganin tarin fuka rifampicin da na farfaɗiya carbamazepine suna karya ƙarfin maganin sosai.

*Yaushe zan garzaya asibiti?*

Idan bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko jini ya fito a fitsari ko amai, ko haɓo ya wuce minti 10 ana matse hanci bai tsaya ba. Haka ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, karkacewar baki ko mutuwar hannu. Wanda ya faɗi ya bugi kai ya je ko da yana jin garau, ya tafi da kwalin maganin, ya kuma faɗi lokacin da ya sha ta ƙarshe.